Wai bindigar iska ba ta buƙatar lasisi?

Nasiru: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da gonar shinkafa ta wajen Kadawa, kuma bayan girbi ina sha'awar ɗan zagayawa ina harbin kurciya da fakara, ga gafiya ta addabi ɗakin da nake tara buhuna. Jiya wani mai shago ya nuna mini bindigar iska, irin wadda ake karya bakinta a ɗana. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba bindiga ba ce, babu albarushi a cikinta, ko ɗan sanda ya gan ka da ita ba abin da zai ce." Maganar ta kwanta mini. Iska ce kawai take tura ɗan guntun dalma. A ganina ita ta fi dacewa da mai koyo irina, ba ƙara, ba haɗari, ba wahalar lasisi. Ko akwai mai ja?

Barista Auwal: Wa alaikumus salam. Akwai mai ja, ni ne. Mai shagon nan kayansa yake so ya sayar. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake gurfanar da mutane, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, irin na soja da fistol, waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar farauta mai kwanso, baki ɗaya ko baki biyu, da raifil ɗin farauta, da bindigar iska. Sunanta na nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Na uku masu ɗuri ta baki, wato adaka, su kuma a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha suke. Ka ga ke nan a wurin doka bindigar iska sahu ɗaya take da mai baki biyu, ta ma wuce adakar Baba Sarkin Baka. Wanda aka kama da ta kashi na biyu babu lasisi, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 5.

Nasiru: Shekara biyar saboda kurciya, Barista? To amma ina kallon Turawa a YouTube suna saya kamar mai sayen keke.

Ɗanlami: Nan ne asalin ruɗanin, Nasiru. Ni da nake zaune a Ingila zan gaya maka yadda abin yake. A Ingila da Wales, wanda ya kai shekara 18 zai iya sayen bindigar iska babu lasisi, matuƙar ƙarfinta bai wuce jul 16 da 'yan kai ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbinta). Ta wuce haka, sai da takarda kamar kowace bindiga. Da ka haye Sikotilan kuwa, tun ƙarshen 2016 ko mai rauni ce sai da shaidar izini. Kuma ko a nan ɗin ba ka harbi a gonar wani sai ya yarda, dalmarka ta tsallake katanga ta faɗa gidan maƙwabci laifi ne. Dokarsu ce kake kallo a waya, ba ta Kano ba.

Garba Direba: Ni dai wallahi wannan magana tana ƙona mini rai. Ɓarayin daji na yawo da AK a kafaɗa rana tsaka, ba wanda ya tambaye su takarda, sai talaka da ɗan abin korar gafiya za a ɗaure? Kuma lasisin ma ina yake? Ba a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayarwa ba? A 2022 gwamnan Zamfara da bakinsa ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. An rufe ƙofa an ce dole ta ƙofa za ka shiga. Nasiru, sayi abinka ka ajiye a gona.

Barista Auwal: Yaya Garba, ɓacin ranka na da dalili, ban musa ba. Amma ka tuna da gwamnan ya faɗi haka, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kuma dakatar da lasisi bai halatta riƙewa babu lasisi ba, sai ma ƙara tsananta abin da ya yi. Ranar da aka tare Nasiru a shingen bincike, ba kai za a rufe ba. Ya je hedikwatar 'yan sandan Kano a Bompai ya tambayi halin da ake ciki kafin ya fitar da ko sisi.

Garba Direba: Takarda, takarda. 'Yan uwanmu mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa gida salla da bindigoginsu na gargajiya, wace takarda ce za ta tsayar da wancan taron?

Barista Auwal: Allah ya jiƙansu, ya bi musu haƙƙinsu. Wannan kisan zalunci ne, kuma ba wanda ya ce takarda tana tare masu ɗaukar doka a hannu. Amma a gaban alƙali ita ce ke raba maharbi da ɗan fashi, shi ya sa ba zan ce da kowa ya wofintar da ita ba.

Baba Sarkin Baka: Jikana ne yake rubuta mini, ku yi haƙuri da tsawo. Ku duka kun tsaya a kan takarda kun bar dawa. Nasiru ɗana, ba a fara tambayar wace bindiga, ana fara tambayar wane nama. Kurciya da hasbiya da kurege, to, 'yar iskar nan za ta iya in kana da saiti. Fakara sai ka yi sa'a ta tsaya, don ita da ta ji motsi ta tashi, kuma tsuntsu a sama na mai kwanso ne, shi da yake watsa ƙananan dalma. Amma ka ɗaga ta ga gada ko gyazbi, ka zalunci dabba. Bara yaran nan sun kawo mini zabon daji da suka tsinta a gindin sabara, cinyarsa ta kumbura ta yi tsutsa, da na yanka wurin sai ga 'yar dalma guda kamar ƙwayar dawa. Wani ya harbe shi daga nesa ya tafi abinsa, zabo ya yi kwanaki yana jan ƙafa. Mu a wurinmu wannan abin kunya ne. Wanda ya jikkata nama, bin sawu ya kama shi har sai ya samu.

Nasiru: Allah ya ƙara girma, Baba. To ko adakar zan nema, tunda ita ce ta gado kuma maganarta a jiha take?

Baba Sarkin Baka: Kul. Ba mai koyo ake bai wa adaka ba. Ƙanina, Allah ya ji ƙansa, da yatsu uku ya ƙare rayuwarsa a hannun hagu. Ya ɗura da asuba, bai samu abin harbi ba, ya dawo ya jingine ta. Washegari ya manta ya sake ɗurawa a kan na jiya. Yana jan kunama bututun ya tsage kamar kara. Tun daga ranar na yi wa sandar ɗurina tsaga da wuƙa: in na zura ta tsagar ba ta kai bakin bindiga ba, na san akwai abu a ciki. Shekara arba'in ke nan ban taɓa ɗurawa ban duba ba. Ga shi yanzu kowane mai walda ya zama maƙerin bindiga, da bututun da ba a yi shi don wuta ba.

Ɗanlami: Maganar Baba dutse. Bari in ƙara wa Nasiru abin da mai shago ba zai gaya masa ba, in har ya samu takardar. Bakin bindigar iska da aka fi samu iri biyu ne, milimita 4.5 da 5.5. Dalmar ta farko kusan rabin giram ce, tafiyarta ta fi miƙewa, ta fi daɗin koyon saiti. Ta biyu ta kusa giram guda, ta fi nauyin duka, amma tana saurin sunkuyawa. Ko wacce ce, mita 25 zuwa 30 ne iyakar harbin adalci. Ka kafa kwali ka zana da'ira kamar marfin kwalba, sai ranar da kake zuba biyar a jere a ciki sannan ka fuskanci mai rai. In kana ɗanawa kada ka saki bakin, ka riƙe shi gam har ka sa dalma ka rufe, don in ya kuɓuce ya koma zai iya datse yatsa. Ba a harba mai sifirin, wato irin wadda ake karya bakinta, babu dalma a ciki, lalata ta ake yi. Mai tulu kuma, wadda ake cika wa iska da famfo, kada wani ya yaudare ka ka kai wa masu walda su cika maka da iskar oksijin. Fashewa take yi.

Anti Bilki: Na yi ta karantawa ina jira a zo kan "ba haɗari" da Nasiru ya faɗa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 14 a ɓangaren ido. Wata ranar Juma'a da la'asar aka shigo da yaro ɗan shekara tara, uwarsa ta toshe masa fuska da gefen mayafinta. Wansa ne ya ɗauko bindigar iskar babansu daga bayan ƙofa, suna harbin gwangwanin madara a kan katanga. Dalma ta daki bulo ta dawo. Ba jini mai yawa, ɗan ɗigo ne kawai, har uban yana cewa a sa masa magani su koma gida. Idon bai tsira ba. Abin da na kasa mantawa, uban yana tsaye a baranda yana ta maimaita, "Ai ta iska ce, ai ta iska ce." Da mai baki biyu ce da ya kulle ta a akwati. Saboda an ce masa ba bindiga ba ce ya jingine ta inda ake jingine tsintsiya. Nasiru, yaranka nawa a gida?

Nasiru: Huɗu, Anti. Inna lillahi. Babban shekararsa 11, kuma wallahi har na yi tunanin in riƙa ba shi yana korar tsuntsu.

Barista Auwal: Dokar ma ta hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, haka mai matsalar gani, da mai taɓin hankali, da mashayi. Kuma adana bindigar a wuyan mai lasisi yake, in ta ɓata ko an sace dole ya kai rahoto.

Malam Liman: Labarin Malama Bilki ya tuna mini hadisin Abdullahi bin Mugaffal, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wasan jifa da tsakuwa, ya ce ba ya kashe abin farauta, ba ya illata maƙiyi, sai dai ya fasa ido ya karya haƙori. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Game da cin naman, malamanmu sun halatta abin da harsashi ya huda in an yi bisimilla lokacin harbi, in kuma ka tarar da sauran rai sai ka yanka. Don haka wuƙa mai kaifi ta zama tana jikinka.

Garba Direba: Allah gafarta Malam, amma ita wannan tana kashe kurciya, ba tsakuwa ba ce.

Malam Liman: Haka ne Malam Garba, shi ya sa ban ce haramun ce ba. Amma ka ga da bakinka ka ce tana kashewa.

Isa Gandu: Ni malamin daji ne, bari in sa baki kafin a tashi. Lasisin bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun a ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta jiha ake nema, kuma tun dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 akwai dabbobin da ba a taɓawa sam. Yankari, Falgore, Kamuku, tafkin tsuntsaye na Dagona, ko danƙo ka shiga da shi da niyyar farauta ka yi laifi. Abin da ya fi ba mu tsoro a aiki shi ne masu fita da dare da fitilar goshi, su ga ido na ƙyalli su saki wuta. Idon ɗan maraƙi ma yana ƙyalli, kuma bayan maraƙin akwai yaro mai kiwo. A fadama irin Kadawa kuwa ga ruwa ko'ina, dalma tana tsalle a kan ruwa kamar yadda take yi a kan dutse, ga mutane sunkuye a cikin shinkafa ba ka ganinsu. Sannan Nasiru, in jan-baki ne ke cin gonarka, su da suke sauka dubbai, guda nawa za ka harbe? Raga da gwangwani da masu kora sun fi maka.

Garba Direba: Duk na ji, kuma maganar yara na karɓa. Amma ta lasisi har gobe ina kan bakana, an ƙuntata wa mai gaskiya an bar ɓarawo. Sai a buɗe a tantance mutane ta hannun masu unguwa da sarakunan baka, su suka san kowa.

Barista Auwal: A kan a buɗe a tantance, ni da kai bakinmu ɗaya. A kan ya saya kafin a buɗe ne muka rabu.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Gafiya dai tarko zan saya mata gobe a kasuwar Kura. Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Bompai in ji ko ana karɓar takardu. Kafin alƙalami na naira dubu goma da na bai wa mai shagon kuma zan je in karɓo abina.

Baba Sarkin Baka: Asabar bayan sallar asuba za mu fita ta bayan gari. Ka zo hannu rabbana, ka sa takalmi rufaffe, ka taho da gorar ruwa. A bayana za ka tsaya, ba a gefe ba.