Amortisar da aka saka wa Corolla: jabu ne ko ba jabu ba ne?

Mai Corolla: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Corolla 2005 gare ni, ina jigila tsakanin Yamai da Tawa, kilomita sama da 500, kullum da kaya a but. Mota ta zauna, gindinta na taɓa ƙasa a kowane tudun rage gudu. Aka ba ni shawara in canza rasor, wato ƙarfen nan mai murɗe-murɗe da ke saman taya, in saka dogaye masu tauri don ta ɗaga. Na saka. Na sayi amortisar (abin da ke hana mota lilo) na gaba sabbi guda biyu a wani shago, kwali rubuce da KYB. Ba a je ko'ina ba na dama ya fara zubar da mai, kuma duk ramin da na faɗa sai in ji "ƙwas" kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Jabu aka sayar mini, kuma 'yan kayan gyara ba su tsoron Allah.

Ɗan Katako: Wa alaikumus salam. Alhaji, janye kalmar jabu. Ka buɗe shi ka gani? Mu da ke wuni cikin rana muna neman halal, haka kawai a haɗa mu a yi mana kuɗin goro.

Direban Dogon Dutsi: Duk abin da ba a kwali na Toyota ya zo ba, jabu ne. Magana ta ƙare.

Ɗan Katako: Ka ji rashin sani. KYB kamfanin Japan ne, kuma masu ƙera motoci da kansu suna sayen amortisar a wurinsa su saka a sabuwar mota. Monroe ma na Amurka ne. Su ma jabu ne?

Direban Dogon Dutsi: Kwali ka gani, ba Japan ka je ba. Kwali ai ko a bayan gidanmu sai a buga shi.

Tsohon bakanike: Yara, ku saurara. Ƙanena mai Corolla, kafin ka zagi mai shago, faɗa mini tsawon da rasor ɗin ya ƙara. Rasor shi ke ɗaukar nauyin mota. Amortisar ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa ya hana mota yin lilo bayan ta faɗa rami. An auna su tare ne tun daga kamfani. Sandar amortisar tana da iyakar inda take fita. In ka ɗora dogon rasor, ka riga ka ja sandar kusa da ƙarshenta tun mota na tsaye. Da taya ya sauka cikin rami sai ta kai maƙura ta buga, shi ne "ƙwas" da kake ji. Ga kuma tauri: rasor mai tauri yana dawowa da ƙarfin da ya fi wanda aka shirya wa man da ke ciki, sai ya yi zafi, robar bakin sandar ta gaji, mai ya fito. Ko daga hannun Toyota ka karɓo shi, haka zai yi.

Direban Dogon Dutsi: Baba, da girmanka, amma ba ka amsa ba. Jabu ne ko ba jabu ba ne?

Ɗan Ƙonni: Ni dai abin da na sani, okaziyo na Turai, wato na hannu, ya fi sabon da ake kawowa daga Dubai. Wanda aka ciro daga jikin mota shi ne na asali.

Ɗan Katako: Okaziyo da ya gama cin titin Faransa, man cikinsa ya mutu, a wanke shi da gazuwal a shafa baƙin fenti? Shi ne na asalin? Ku 'yan Ƙonni ku ne ke tsallako mana da tarkacen Illela kuna ɓata kasuwa.

Ɗan Ƙonni: Kar ka sa garinmu a bakinka. Rabin kayan shagonka ta ina suka biyo? Ka rantse.

Hajiya mai Starlet: Ni taksina biyu suna aiki cikin Yamai, okaziyo nake saka musu, ban taɓa kuka ba.

Ɗan Katako: Hajiya, kwalta kike bi daga Wadata zuwa Babbar Kasuwa. Ki aika su hanyar Abalak ki dawo ki ba mu labari.

Hajiya mai Starlet: Kwaltar Yamai da damina ka taɓa bin ta kuwa?

Mai Corolla: Jama'a, ni maganar kuɗina nake yi.

Tsohon bakanike: Ita nake maka, ƙanena. Masu ƙera waɗannan kaya sun san matsalar. Bilstein na Jamus yana da B6 don mota mai tsayinta na asali, yana da B8 mai gajeriyar sanda don rasor da aka rage wa tsawo. Masu ɗaga Hilux da Land Cruiser kuma kayan kamfani irin Old Man Emu suke saye, rasor da amortisar a haɗe. Kai ka haɗa dogon rasor da amortisar da aka yi wa rasor na kamfani. Ɗaga motar a bar taya ya rataya, ka duba ko rasor ya ja sandar ƙam, ka duba robar sama ko ta tsage. In za ka canza, canza biyu tare, kuma a yi maka saitin ƙafa, in ba haka ba taya zai cinye gefe guda. Kada ka bari yaron gareji ya kwance goron sama ba tare da ya matse rasor da abin matsewa ba, yana iya fasa wa mutum fuska.

Direban Dogon Dutsi: Bilstein a Tawa? Baba, a ina? Kuɗinsa ma ya sayi rabin motar.

Bakanike daga Tawa: Me ke ga Tawa? Mu nan muke gyara motocin da ke hawa Agadas da Arlit. Aikin da ya gagari garejin Yamai wurinmu yake zuwa. Na tabbata a Yamai aka ɗaura wannan rasor.

Ɗan Katako: To ga shi, daga jabu an koma Yamai. Wa ya ce maka a Yamai ne?

Bakanike daga Tawa: Hannun aikin ya nuna.

Ɗan Ƙonni: Har yanzu ina jiran rantsuwar.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta duka, ga abin da aka tsayar. Ba wanda ya kawo hujja ko ɗaya cewa kayan jabu ne, don haka kalmar ta faɗi, kuma ya kamata Alhaji ya nemi afuwar 'yan kasuwa. Ni shekaruna da yawa ina sayar da kayan mota, na san yadda ake ɗora mana laifin direba da na bakanike. Baba ya nuna cewa dogon rasor mai tauri ne ya kashe amortisar, mai shago ba ruwansa. Maganar okaziyo kuwa kowa ya ga ba ta tsaya ba, sabo ya fi. Batun Ƙonni da Tawa a bar shi nan. Alhaji, mayar da rasor na kamfani, ka rage kaya a but, ka sayi sabbin amortisar biyu a shagon da zai ba ka rasit.