Neman kalma: wane suna za mu ba zanen da Turawa ke kira landscape?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato landscape. Ina nufin irin zanen da ake yi da fentin mai ko fastel (wani irin alli na masu zane) wanda ba fuskar mutum aka zana a ciki ba, ba doki ba, ba kwano a kan tebur ba. Dutse ne da kogi da gonaki da sama, gwargwadon abin da ido ya ɗauka daga inda mai zanen ya tsaya. Yara na ce masa "lanskef", su rubuta a jarrabawa su ci maki, amma idan uwa ta tambayi ɗanta me yake zanawa, sai ya ce hoto ne kawai. Sunan da nake nema shi ne wanda za a faɗa wa uwar nan ta gane ba sai an ƙara mata bayani ba. Na riga na yi wannan tambaya, 'yan'uwa sun amsa da shawarwari, su ne zan bi ɗaya bayan ɗaya kafin in zo kan tawa.

Su ma Ingilishi aro suka yi. Daga mutanen Holan suka karɓi kalmar wajen shekarar 1600, kuma a bakin masu zane ta fara shiga harshensu kafin ta zama sunan filin da ake kallo. Faransawa sun gina tasu a kan kalmarsu ta ƙasa. Sinawa sun ce shan shui, dutse da ruwa ke nan. Larabawa kuwa suna cewa manzar, wadda ta fito daga nazar, wato kallo. Kun ga hanya biyu ce: wasu sun sa wa abin suna da ƙasar da aka zana, wasu da idon da ya kalle ta. A tsakanin waɗannan biyun muhawararmu take, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Rabin farko na sunan ba shi da rigima a wurina. Zane ne, ba hoto ba, ba fenti ba. Hoto ya riga ya koma na kyamara da waya, mai fenti kuma a bakin mutanenmu shi ne wanda ake kira ya shafe ɗaki kafin biki. Zane kuwa tamu ce tun fil'azal. A Geji ta ƙasar Toro akwai dutsen da mutanen dā suka zana dabbobi a jikinsa, kuma sunan da aka san shi da shi Dutsen Zane.

Shawarar da ta fi yawa daga cikin waɗanda suka amsa mini ita ce "zanen shimfiɗar ƙasa". Malam da ya rubuto daga Azare, Allah ya ƙara sani, hujjarka mai ƙarfi ce: malaman labarin ƙasa sun riga sun kafa wannan kalma, don haka ba sai mun ƙirƙiri sabuwa ba. Na yarda ta dace da darasinsu, inda ake maganar tudu da kwari da jigawa da fadama. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne ta bar sama a waje. A zane-zane da yawa na irin wannan, ƙasar ɗan siririn layi ce a gindi, sauran duk gajimare ne da haske. John Constable, mai zanen Ingila, ya shafe 1821 da 1822 yana zana gizagizai zalla a Hampstead, kuma ya rubuta wa abokinsa cewa sama ce babbar hanyar da zane ke bi ya taɓa zuciya. Wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Kumo ya ga hadari ya haɗo daga gabas, rabin sama baƙi ƙirin, rabi kuma rana na dukan ganyen masara har yana walƙiya, ya san gaskiyar maganar. Idan ɗalibi ya zana wannan, ba shimfiɗar ƙasa ya zana ba. Sannan ga tsawo. Kalma uku a jere, yaro ba zai riƙe ta a baki ba, zai koma wa "lanskef" ɗinsa.

"Zanen ƙasa" ya fi gajarta, amma wani zai ɗauka taswira ce, wani kuma tunaninsa zai tafi ga masu duba da ke zana yashi. Na bar shi.

"Zanen daji" da "zanen karkara" duka suna da amfani, sai dai kowannensu reshe ne, ba gindi ba. Wanda ya zana kogin Gaji a Yankari ya yi zanen daji, wanda ya zana rumbuna da gonakin gero a gefen Nafaɗa ya yi zanen karkara. To wanda ya hau tudu ya zana rufin kwanon garin Gombe da hasumiyoyin masallatai cikin ƙurar la'asar fa? Ko wanda ya zana faɗin ruwan dam na Dadin Kowa? Muna buƙatar sunan da zai rufe su duka. Kuma kada mu yaudari kanmu, kalmar daji a 'yan shekarun nan tana zuwa wa mutane da fargaba kafin ta zo musu da kyau.

'Yar'uwa da ta kawo "zanen yanayi" daga Kaltungo, taki ce ta fi ba ni wahalar ƙi. Yanayi kalma ce mai fuska biyu, tana nufin halin da gari ke ciki, tana kuma nufin halin da zuciya ke ciki, kuma haɗuwar waɗannan biyun ita ce ainihin wannan sana'a. Matsalar ita ce rediyo ta riga mu. Yau idan aka ce yanayi, hasashen ruwan sama da sauyin yanayi ke fara zuwa kai, har wani zai zaci jadawalin zafi da sanyi ake nufi. Ina ganin mu riƙe ta don bayanin abin da ke cikin zanen. Mu riƙa cewa wannan zane yana da yanayin kewa, wancan yana da yanayin fargaba. A nan babu kalmar da ta kai ta.

Sai "zanen halitta" da "zanen ɗabi'a". Ɗabi'a a Hausa hali ne, ba itatuwa da duwatsu ba, ko da a Larabci tana ɗaukar wannan ma'ana. Halitta kuwa ta haɗa da mai rai, kuma nan ne nake son mu yi hattara. Iyaye da yawa na hana 'ya'yansu ajin zane saboda hanin da ya zo kan suranta abu mai rai. Allah ya gafarta Malam da ya tunatar da mu, a cikin Buhari da Muslim akwai labarin mai sana'ar zane da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan nau'in zane shi ne ƙofar da ta fi buɗewa ga yaranmu, don haka bai kamata mu ba shi sunan da zai sa uba ya ɗaure fuska tun bai ga aikin ba.

Abin da ni nake kawowa shi ne "zanen hange".

Hange gani ne daga nesa, kuma ba a hange sai da wurin tsayawa. Kalmar da kanta tana ɗauke da mutum a tsaye, da tazara a gabansa, da sama a bisansa. Tazarar nan kuwa ita ce darasin farko da muke koyarwa. Abin da ke kusa launinsa mai kauri ne, gefensa a fayyace. Abin da ke nesa sai ya dusashe, ya koma ruwan bula ko ruwan toka, saboda iskar da ke tsakani cike take da ƙura da danshi. Leonardo da Vinci, mai zanen Italiya, ya yi bayanin wannan fiye da shekara 500 da suka wuce, amma ɗan Gombe ba ya buƙatar littafi ya gane shi. A damina bayan an ɗauke ruwa, Dutsen Bima yana fitowa sarai har kana rarrabe kwarin jikinsa. Da hunturu ya kankama, hazo ya sauka, sai ya zama inuwa, wata rana ma ya ɓace gaba ɗaya. Dutsen bai motsa ba, hangen ne ya sauya.

Claude Monet na Faransa ya zana tarin dammunan alkama da ke kusa da gidansa a Giverny fiye da sau 20 tsakanin 1890 da 1891, da safe, da yamma, cikin sanyi, cikin ƙanƙara. Idan da shimfiɗar ƙasa yake bi, zane ɗaya ya ishe shi. Abin da yake bi shi ne yadda wurin ya bayyana gare shi a wannan sa'a, da abin da ya ji a ransa. Kuma irin wannan aiki a fili ya yi sauƙi ne bayan 1841, lokacin da wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai matsuwa na zuba fenti, mutum ya iya sa launukansa a jaka ya fita inda zai hango abin da idonsa.

Abin da ya fi ja na ga kalmar shi ne hange a Hausa ba aikin ido kaɗai ba ne. Muna cewa hangen nesa ga mai tunani. Matafiyi na hango garinsu zuciyarsa ta buga. Bima ɗin nan da na ambata, jama'a sun daɗe suna danganta shi da labarin bayyanar Mahadi, kuma a wannan yanki na Gongola ne, a Bormi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a hannun Turawa a 1903. Wanda ya san wannan idan ya zauna zai zana dutsen, ba jan dutse kawai yake gani ba, kuma hannunsa zai nuna, ko a nauyin launin da ya zaɓa ko a yadda ya bar sama ta danne shi. Ina son sunan da zai bar wa wannan gurbi.

Tun da na fara ambaton wannan suna an kawo suka biyu, kuma duka na ɗauke su da muhimmanci. Baba da ya rubuto daga Bauchi ya ce hange na da wari, don ana cewa mai hangen abin hannun wani, ana kuma cewa hangen Dala ba shiga birni ba. Baba, gaskiya ne, amma ina ganin da zarar an jingina shi ga zane wannan ma'ana ta faɗi, kamar yadda ba wanda ke jin kwaɗayi a cikin hangen nesa. Karin maganar ma tana bayanmu, domin mai zanen nan aikinsa ke nan, ya tsaya daga waje ya kalla. Suka ta biyu ta fi ƙarfi: idan mutum ya zauna a bakin ruwan Wikki na Yankari ya zana saiwoyi da farin yashin da ke ƙarƙashin ruwan garau, taku biyu daga ƙafarsa, ina hange a nan? Babu. Sunan bai rufe wannan da kyau ba, kuma ba zan ce ya rufe ba. Na dai auna na ga mafi yawan aikin da muke magana a kai yana da nisa da sama a cikinsa.

Tunda mun taru, bari mu taɓa kayan aikin. Fastel garin launi ne da ake haɗawa da ɗan abin ɗauri kaɗan, a dā har da ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, a murza shi sanda-sanda. Wasu sun ce mu bar shi fastel. Ni na fi son "allin zane", domin duk wanda ya riƙe shi ya ji yana barin gari a yatsa zai ce alli ne. "Allin launi" kuma a bar wa na rubutu a allon aji, wanda launinsa ba ya kama takarda. Akwai nau'i na biyu da ake haɗawa da kaki da mai, wanda kamfanin Sakura na Japan ya fitar a 1925, shi ne yaran firamare suka fi sani. Wannan "allin mai" ya dace da shi. Allin zane ba ya jiran bushewa, shi ya sa nake ba ɗalibai shi idan hadari za su kama, abin da ke sauya kama kafin ka wanke buroshi. Aibinsa goguwa, sai an fesa masa abin riƙewa ko an sa shi bayan gilashi.

Fentin mai kuwa sunansa na nan, sai dai a yi hattara a kasuwa. Idan ka aiki yaro ya sayo fentin mai, gwangwanin fentin ƙofa zai kawo maka. Sai a ce "fentin mai na zane". Wannan da man 'ya'yan wani tsiro da ake kira linsid ake kwaɓa shi, kuma ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska ce ke daskarar da shi a hankali, kwanaki ko makonni gwargwadon kaurinsa. Jinkirin nan ne ke ba ka damar narkar da ruwan goro cikin shuɗi a gindin sama har a rasa inda ɗaya ya ƙare. Shi ne kuma ke sa a hunturu dole ka juya fuskar aikin ga bango, in ba haka ba ƙura ta manne masa har abada.

Na gwada kalmar a jimla don in ji ko tana tafiya. Mai zanen hange. Zane-zanen hange. Gobe za mu fita zanen hange a Tula. A ƙarƙashin aiki kuma a rubuta: zanen hange, duwatsun Dass da hantsi, allin zane a kan takarda. A kunnena babu inda ta yi tuntuɓe, amma kunne ɗaya ba ya yanke hukunci. Ina roƙon 'yan'uwa na Misau da Katagum da Ningi, da masu Fulatanci da Tangale da Tera a gida, ku faɗa wa dattawanku ita ba tare da bayani ba, ku dawo mana da abin da suka fahimta.

Saura guda da ban samu bakin zarenta ba: ƙyallen da ake ɗaurewa a katako a yi zanen a kai. Ba za mu ce kambas ba, don wannan takalmi ne a wurinmu. Ba za mu ce zane ba, don sai a ce zane a kan zane. Ni dai "ƙyallen zane" nake cewa a aji. Wanda ke da wadda ta fi ta, musamman teloli da 'yan kasuwar yadi, ya taimaka mana.