Wane gam ne ke riƙe bututun biro a cikin katako?

Ɗan koyo, Asawase: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na fara ƙera biro na katako a injin juyi, siririn biron nan da ake huda wa rami milimita 7 a zura bututun tagulla. Guntayen katakon odum da sapele nake samowa daga Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi. Wanda ya taɓa aikin, don Allah ya faɗa mana gam ɗin da ya gani yana riƙewa.

Kafinta, Sokoban: Wa alaikumus salam ƙanena. Farin gam namu na kujeru, ajiye shi gefe. Sai ya ratsa cikin katako yake kamawa, tagulla kuwa ba ta shan komai. Biron da na gani an yi da shi, ana ɗora ƙarfen sassaƙa katakon ya tsaya, bututun ya ci gaba da juyawa a ciki.

Mai injin juyi, Aboabo: Ni da supa gulu na daɗe ina aiki, mai kaurin, don mai ruwa-ruwa katako ke shanye shi ramin ya zauna a bushe. Amma ku sani danshi ne ke sa supa gulu ya daskare, Kumasi kuma da damina iskar kanta a jiƙe take. Kana cikin tura bututu sai ya kafe rabi ciki rabi waje, ba gaba ba baya, an yi asarar katako da bututu duka. Da hunturu yakan ɗan ba ka sarari. Shi ya sa na koma Araldite, gam ɗin nan mai zuwa kashi biyu da ake haɗawa, mai jinkirin kamawa. Ka matso biyun daidai wa daida, ka gauraya sosai, ka shafa, ka riƙa murza bututun kana turawa har gam ya zagaye ko'ina. Sai ka bar shi ya kwana. Raina ya fi kwanciya da shi, domin yana cike ɗan giɓin da ke tsakanin rami da bututu, kuma a gurin da babu gam ne katako ke fashewa idan ya yi siriri.

Kafinta, Sokoban: Gaskiya ne Malam. A ƙara da goge bututun da samfefa har sheƙinsa ya dushe, gam ba ya son santsi.

Wata 'yar'uwa, Sabon Zongo: Yaya, idan tik ne katakonka, yana da maiƙo. Nakan goge cikin ramin da asiton, ruwan nan mai narkar da maiƙo, in bari ya bushe tukuna. Bakin bututun kuma nakan danna shi a yankin ɗanyen dankali ya toshe, kada gam ya shiga ciki ya hana kayan biron zama.

Dattijo, Suame: 'Ya'yana, na gwada gam mai kumfar nan, Gorilla Glue. Yana riƙe katako mai laushi irin icen wawa, sai dai yana kumbura ya turo bututun waje, dole ka ɗaure bakin biyu da roba har ya bushe. Masu supa gulu kuma, kada ku goge shi da auduga ko tsumman atamfa, yana ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi. Ku buɗe taga, tururinsa na cin ido.

Ɗan koyo, Asawase: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Malam na Aboabo, Araldite mai minti 5 ɗin fa, zai yi, ko dole sai mai jinkirin?

Mai injin juyi, Aboabo: Zai yi idan biro ɗaya ko biyu ne a gabanka. Cikin zafin rana ba ya ma kai minti biyar ɗin, don haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa gaurayawa, kuma ko ya kama kada ka hau inji sai gobe.