Filin Bayan Unguwa: A Gina Ko A Bari?

Dattijon Gangare

Kansiloli za su zauna kan takardar kamfanin da ke son jera gidajen bene a filin bayan unguwa. Na buɗe da nawa. Mai amsawa ya riƙe ƙafiyar "wa".

Filin nan da kuke gani ba a banza yake ba,
Shi ke shan ruwan damina yana haɗiyewa.
In aka malale shi da kankare da kwalta,
Ruwa ba ya ɓata, hanya yake sakewa.
Na tudu ya yi barcinsa har da minshari,
Mu na gangare mu kwana muna kwalfewa.

Ɗan Haya

Baba, Allah ya ja kwana, kai da gidanka,
Ni ko duk shekara hayata sai ƙaruwa.
Mu goma ke bin ɗaki ɗaya wurin dillali,
Mai gida ya ga layi, kuɗi yake ɗagawa.
Da kuka zo, unguwar nan ba gonaki ba ce?
Wa ya tare ku ya ce nan ba a ginawa?
Kun shige, kun ja ƙofa, kun sa sakata,
Na baya ya yi ta bugu, babu mai buɗewa.

Malamar Aji Uku

Ɗana, ba ƙin baƙi muke ba, ka fahimta,
Ajina ya cika tuni har yana batsewa.
Wasu kan benci, wasu kan taga, wasu a ƙasa,
Na can baya ko muryata ba ya jiyowa.
Kowane bene burtsatse zai haƙa mai zurfi,
Rijiyoyinmu gajeru su za su fara ƙafewa.
Taransifoma guda ce, ita ma da ƙyar take,
A ƙara mata gidaje? Sai dai ƙonewa.

Kansila

Ba a sa hannu ba tukuna, takarda na tebur,
Sai an saurare ku kafin a zo ga yankewa.
Zuwa 2050, in ji hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018,
Kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya a birane za su yi rayuwa.
In mun kori mai taswira, filin ba zai tsira ba,
Jama'a dai ba sa fasa tahowa.
A ɓoye za a yanka shi fuloti-fuloti,
Awon igiya, ba titi, ba wurin juyawa.
Ran da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye,
Motar kwana-kwana a bakin lungu take tsayawa.

Mai Tambaya

Ranka ya daɗe, rahoton tasirin muhallin nan,
Wa ya biya kuɗinsa? Ba kamfanin ba ne kuwa?
A zane na ga itatuwa da filin wasan yara,
A takardar izini ban ga layin da ke tilastawa.
Kuma in da kansilan da aka yi wa alkawarin gida,
Ya faɗa a zaure, ya fita kafin a fara kaɗawa.
Kai kuma Ɗan Haya, kar ka yi saurin murna,
Benen nan ba da aljihunka aka yi aunawa.

Ɗan Haya

Na sani, Yaya. Amma in mai hali ya koma sabo,
Tsohon ɗakin da ya bari ni nake hangowa.

Injiniya

Ku bar "a yi" da "kar a yi", ku zo kan sharaɗi,
Nan ne majalisa ke da ikon matsawa.
Magudana ta riga harsashi, a kai ta har rafi,
Ba a juye ta kan maƙwabta a yi ficewa.
A bar tafki a kusurwa ya tare ruwan farko,
Ya sake shi a hankali bayan an ɗauke, ba da rugawa.
Kamfani ya ajiye kuɗin jingina a banki,
In ya bar titi rabi, da su za a ƙarasawa.
Kaso na masu ƙaramin ƙarfi, a rubuta adadi,
Taransifoma da azuzuwa, a sa ranar miƙawa.
Tifa kar ta bi layi sa'ad da yara ke tashi.
Kuma ba a ba kowa mabuɗi sai an je dubawa.

Mai Tambaya

Injiniya, mai dubawar fa, wa zai duba shi?
A liƙa rahotonsa a allo, kowa ya yi karantawa.

Dattijon Gangare

Tafkin nan ya shige ni, ban ƙi ba, ɗan nan,
In dai an rufe shi da waya, don yara da faɗawa.
Hoton bangona zan kai, da shatin ruwan bara,
Ɗan Haya, zo ka ɗauke ni, ƙafa ba ta kaiwa.

Malamar Aji Uku

Kansila, na ga sanarwa: ƙarfe goma na safe.
Lokacin ina aji, Ɗan Haya na wurin nemowa.
Wa kuke so ku saurara, kujerun zaure?
A mai da zaman yamma, ko ranar hutawa.