Alamar rubutu ba ta bin shafin da na buɗe a PyQt6

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan wannan matsala ta hana ni sakat. Ina amfani da PyQt6 (kayan aikin gina manhaja a yaren Python) wajen haɗa manhajar kwamfuta mai shafuka huɗu a cikin QTabWidget, wato ɓangaren da ke riƙe da shafukan. Idan na sauya shafi, alamar rubutu ba ta sauka a akwatin rubutu na farko. Sai in yi ta buga haruffa babu abin da ke fitowa, sai na taɓa akwatin da linzami.

Na haɗa currentChanged (siginar da ke sanar da sauya shafi) da setFocus() (umarnin da ke kai alamar rubutu akwatin), matsalar ta gyaru, sai wata ta ɓullo: mai zaɓen shafi da maɓallan dama da hagu, taku ɗaya zai yi akwatin ya ƙwace alamar rubutu, ya kasa wucewa shafi na gaba. Wannan ya fi damuna, don cikin masu amfani da manhajar akwai makafi.

Don Allah, yaya zan bambance danna linzami da danna maɓalli a nan?