Sandar giyata sai rawa take, a taimaka da shawara

Mai Tsohuwa: Salama 'yan'uwa. Motar nan ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, da ita na koyi tuƙi, kuma na yi wa Hajiya alƙawarin ba zan sayar ba, duk da gorin da yayana yake min kullum. Wata biyu ke nan sandar giya tana yawo kamar muciya a tukunya, ko tana cikin lamba uku sai ta yi ta lilo. Jiya na nemi ɗaya na faɗa uku, ta mutu a tsakiyar titi. Bakanike ya ce a sauke giyabos. Ko barci ban yi ba.

Tsohon Direba: Kada ka yarda! Shekara 30 ina kan sitiyari. Robar gindin sandar ce ta cinye, ko bushin na ƙarfen da ke haɗa ta da giyabos. Kashe mota, wani ya riƙa kaɗa sandar kai kana leƙa wajen giyabos. In sanda na motsi can kuma shiru, ciwon a waje yake.

Baban Ummi: Malam, tayar gaba ke ja ko ta baya? Masu jan gaba da yawa kebul ne ke haɗa sandarsu da giyabos, masu jan baya kuwa sau da yawa sandar kai tsaye take shiga giyabos. Tana gurnani in za ta shiga? Tana fitar da giya da kanta?

Ɗan Autan Gida: Ni haka wani bakanike ya riƙe tawa wata uku, ya dawo min da ita babu ribas. Har yau in na gan shi sai raina ya ɓaci.

Baban Ummi: In tana tsalle ta koma firi, a duba robobin da ke riƙe inji da giyabos. Kuloci ma a duba.

Tsohon Direba: Ina ruwan kuloci da rawar sanda, ƙanena? Bushin ne, na faɗa.

Mai Tsohuwa: Na gode, amma bakaniken nan tun zamanin Baba yake duba ta, ba zai cuce ni ba. Kuma ban taɓa wasa da man giya ba.

Tsohon Direba: Wa ya yi maganar mai? Ka leƙa ƙasan ko ba ka leƙa ba?

Mai Tsohuwa: Ai ta kwana a garejinsa, yallaɓai. Ya ce da safe zai fara kwancewa.