Waɗanda suka ɗauki hoto a tsibiran Lofoten da hunturu, ku taimaka da abin da kuka gani

Mai Shirin Tafiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai ƙaramar tawaga da za ta je tsibiran Lofoten a arewacin Norwe don ɗaukar hoton duwatsu, teku da hasken nan na dare da ake kira aurora. Biza ta samu, kyamarori suna hannu. Ana son waɗanda suka taɓa aiki a wurin su faɗi watan da ya fi dacewa, da abin da ke lalata aiki.

Baban Gilashi: Wa alaikumus salam. Ku zaɓi Fabrairu ko farkon Maris. Lofoten tana wajen digiri 68 ne arewa, kuma daga kusan mako na biyu na Disamba zuwa farkon Janairu rana ba ta leƙowa sam. A farkon Fabrairu za ku samu yinin awa biyar zuwa shida, a ƙarshensa wajen tara, rana kuma ba ta yin sama, don haka haske mai laushi ne kusan duk yini. Azahar, la'asar da magariba suna matso juna sosai, ku tsara fita da hakan a zuciya.

Kada ku tafi da tunanin sanyi ne babban abokin gaba. Ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa gaɓar Norwe ya sa ma'aunin zafi yakan tsaya kusa da sifili, ko ɗan ƙasa da shi. Abin da ke kashe kaya shi ne iska mai ɗauke da danshi da gishiri.

Hajiya Mai Kyamara: Gaskiyarka Malam. Ni kan danshi zan tsaya, don nan aka fi yin asara. Kyamarar da ta yi awa uku a waje, idan aka shiga da ita ɗaki mai ɗumi kai tsaye, raɓa za ta kwanta mata ciki da waje, kamar kwalbar ruwan sanyi da aka ciro daga firji. Ta waje a goge, ta cikin gilashin kyamara (lens) kuwa ba hannun da zai kai gare ta. Maganin: tun kuna waje ku zare katin ajiya da batir, ku sa kyamarar cikin leda mai zif, ku matse iskar, ku rufe, sannan cikin jaka. A bar ta awa ɗaya zuwa biyu kafin a buɗe. Mota ma ɗaki ce: idan za ku yi ta tsayawa kuna fita, ku bar jakar a but inda ba hita.

Kada a hura wa gilashi iskar baki don cire dusar ƙanƙara, numfashin daskarewa yake yi a kai. A yi amfani da robar hura iska, a riƙe tsummokin goge gilashi aƙalla biyar, busassu, kowanne cikin ledarsa. Guda ɗaya ba ya kai rabin yini.

Ɗan Bakin Teku: Batir uku ko huɗu ga kowace kyamara, a aljihun ciki kusa da jiki. Wanda ya nuna ya mutu a waje sau da yawa yakan farfaɗo idan ya ji ɗumi, kada a ɗauka ya ƙare.

Sai maganar teku, ita ce nake so ku ji da kyau. A gaɓoɓin tekun Uttakleiv da Skagsanden kowa yana son hoton ruwa yana ja da baya a kan duwatsu ko yashi. Ana samunsa da barin idon kyamara a buɗe na rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, faɗin ƙofar haske f/11, ƙarfin jin haske ISO 100, da baƙin gilashin rage haske mai mataki uku zuwa shida. A danna lokacin da igiyar ruwa ta fara komawa. Kafin haka a danna ƙafafun sandar ɗora kyamara (tripod) cikin yashi sosai, in ba haka ba ruwa zai kwashe yashin ƙarƙashinsu, hoto ya fito da rawa. A tsaya minti goma ana kallon ruwan kafin a kafa komai, domin manyan igiyoyi a jere suke zuwa bayan an yi shiru. Duwatsun Uttakleiv suna yin sulɓi da ƙanƙarar da ido ba ya gani, dole a ɗaura ƙarafan da ake sa wa tafin takalmi. Kuma ba a juya wa teku baya. Da dare a wanke ƙafafun sandar da ruwan famfo, a warware su su bushe, don gishiri da yashi suna cinye makullansu.

Hajiya Mai Kyamara: Ƙarin bayani ga ƙannenmu sababbi: kyamara tana ɗaukar farar dusar ƙanƙara a matsayin haske da ya yi yawa, sai ta rage, hoto ya fito toka-toka. A ƙara haske da mataki ɗaya ko ɗaya da rabi, a duba jadawalin haske na allon kyamara (histogram) kada ya manne a dama. A ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyara launinsa daga baya, saboda inuwa shuɗi take fitowa.

Direban E10: Hanya ɗaya ce ta ratsa tsibiran, E10, har ƙauyen da sunansa harafi ɗaya ne, Å. Jirgin fito daga birnin Bodo zuwa tashar Moskenes da ke Lofoten yana ɗaukar sama da awa uku, kuma ana soke shi idan guguwa ta tashi, don haka kada a haɗa shi da jirgin sama rana ɗaya. Daga filin jirgin Leknes zuwa ƙauyen Reine wajen awa ɗaya ne. Ku tabbatar motar haya tana da tayoyi masu ƙusa. Wuraren da aka sa wa alamar M a ƙananan hanyoyi na kauce wa mota ne, ba na fakin ba, mutanen gari suna jin haushin wannan ƙwarai, kuma da gaskiyarsu.

Kowace safiya a duba shafin hasashen yanayi na Yr don iska, a duba shafin Varsom don haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara. Dutsen Reinebringen da ake gani a hotuna, ku bar shi da hunturu, matakalarsa tana binnewa a ƙanƙara a kan gangare mai tsayi. Hoton jajayen ɗakunan masunta na ƙauyen Hamnoy daga kan gada ake ɗaukarsa, gadar kuma tana girgiza idan babbar mota ta wuce, sai a jira.

Baban Gilashi: Daga Fabrairu za ku ga an fara rataye kifi a manyan katakai yana bushewa a iska. Shi ne busasshen kifin nan da ake kawowa kasuwannin Najeriya, wanda Ibo ke kira okporoko, musamman kawunansa. Ya cancanci hoto, amma dukiyar mutane ce, a ɗauka daga gefe.

Aurora kuma: gilashi mai faɗi, milimita 14 zuwa 24, f/2.8, ISO 1600 zuwa 3200, daƙiƙa biyu zuwa goma. Idan hasken yana rawa da sauri a rage lokacin, in ba haka ba zai dame ya zama koren hazo. A saita gani da hannu a kan tauraro mai haske, a manne zoben da salatif, a sake dubawa bayan kowane rabin awa. Idan iska ta wuce mita 15 a daƙiƙa, a sauke sandar ƙasa-ƙasa, a cire igiyar wuyan kyamara, kuma kada a rataya jaka a ƙarƙashi, lilo za ta yi ta yi. Gajimare ne ke hana ganinsa fiye da komai, shi ya sa kwana bakwai ya fi huɗu, kuma a kama masauki inda za a iya kaiwa gaɓar da ke kallon arewa cikin minti ashirin.